Yadda Ake Samun Maƙalun Bincike Kyauta ta Halastacciyar Hanya, da Yadda Za Ka Buɗe Taka Ga Kowa

Duk wanda ya taɓa rubuta kundin digiri ko ya zauna haɗa maƙala ya san wannan takaicin. Ka yi ta nema har ka ci karo da ainihin binciken da kake buƙata, ka karanta tsakuren, ka ga lalle nan amsarka take, sai shafin ya ce sauran sai ka biya. Kuɗin maƙala guda yakan kama daga dala 30 zuwa 50, alhali kundi ɗaya yana iya buƙatar maƙalu masu ɗimbin yawa. Abin da ya fi ciwo shi ne ko sisi daga kuɗin nan ba ya shiga aljihun wanda ya yi binciken. Masanan da suka tantance aikin kafin a buga, su ma galibi kyauta suka yi, kuma kuɗin da aka kashe wajen binciken sau da yawa daga baitulmalin jama'a ya fito.

Wannan ne ya sa a watan Fabrairun 2002 wasu masana suka fitar da sanarwar Budapest, inda suka nemi a bar sakamakon bincike a buɗe a intanet, kowa ya karanta, ya sauke, ya rarraba ba tare da shingen kuɗi ba. Sanarwar Bethesda da ta Berlin suka biyo baya a 2003, UNESCO kuma ta amince da shawararta kan buɗaɗɗen ilimin kimiyya a Nuwamban 2021. Amfanin da wannan fafutuka ta haifar gare ka shi ne, maƙalu da yawa da kake gani a kulle a shafin kamfanin ɗab'i suna da kwafi na halal, kyauta, a wani wurin daban. Aikin shi ne sanin inda za a duba.

Maƙala ɗaya, kwafi uku

Sai ka fahimci wannan kafin sauran bayanin ya yi maka amfani. Akwai daftarin farko, wato rubutun kamar yadda marubuci ya aika wa mujalla, masana ba su duba ba tukuna. Akwai kwafin da aka amince da shi, wanda ya sha gyara bayan tantancewa, edita ya ce ya karɓa, amma ba a yi masa tsarin shafi da tambarin mujalla ba. Sai kwafin kamfani, mai lambar shafi da ado, wanda shi ne ake sayarwa. Ta fuskar ilimi, na biyu da na uku kusan abu ɗaya ne. Kamfanoni sun fi tsare na uku, da yawansu kuma sun yarda marubuci ya ajiye na biyu a rumbun da kowa zai iya shiga. Saboda haka idan ka samu kwafi maras ado, kamar wanda aka buga a kwamfutar gida, kada ka raina shi.

Neman maƙalar da aka kulle

Mataki na farko, ka kwafi abu biyu daga shafin: cikakken taken maƙalar da lambarta ta DOI. Wannan lamba kullum da 10 da ɗigo take farawa, kuma ba ta canzawa ko mujallar ta sauya shafi. Duk lokacin da ka rubuta doi.org/ ka biyo shi da lambar, zai kai ka inda maƙalar take.

Na biyu, ka liƙa taken a Google Scholar, shafin Google na neman maƙalun ilimi, tsakanin alamomin zance, don ya kawo maka ita kanta. Ka duba gefen dama. Idan akwai kwafin kyauta, a nan za ka ga alamar PDF tare da sunan shafin da ke ɗauke da shi. Idan babu, kada ka yi saurin fita. A ƙarƙashin kowane sakamako akwai ɗan rubutu da ke nuna dukkan wuraren da maƙalar ta bayyana. Mutane da yawa ba sa taɓa shi, alhali a nan ake yawan tsintar kwafin da marubuci ya ajiye a rumbun jami'arsa.

Na uku, idan da kwamfuta kake aiki, ka saka Unpaywall a burauzarka, Chrome ko Firefox. Ƙungiyar OurResearch, wadda ba ta neman riba, ita ta samar da shi. Da zarar ka buɗe shafin maƙala, wani ɗan kwaɗo zai bayyana a gefen allo. Idan kore ne kuma a buɗe, ka danna, zai kai ka kwafin halal kai tsaye. Idan ruwan toka ne, bai samu ba. Mai aiki da waya sai ya yi amfani da OpenAlex, na ƙungiyar dai, wanda ke nuna ko maƙala a buɗe take da inda za a same ta.

Na huɗu, ka tafi rumbun fanninka. Mai nazarin lafiya da halittu ya fara da PubMed Central, wanda hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta buɗe a 2000. Tun 2008 hukumar ta wajabta wa duk wanda ta ba kuɗin bincike ya ajiye maƙalarsa a can, shi ya sa rumbun ya cika. Takwaransa na Turai shi ne Europe PMC. Masu lissafi, fiziks da kimiyyar kwamfuta kuwa arXiv ne gidansu. Paul Ginsparg ya kafa shi a 1991, yanzu yana ɗauke da maƙalu sama da miliyan 2, kuma a waɗannan fannoni da wuya a buga aiki mai muhimmanci ba a fara ajiye shi a can ba. Akwai bioRxiv na nazarin halittu tun 2013 da medRxiv na lafiya tun 2019, dukkansu rumbunan daftarin farko, sai SSRN da RePEc na masu tattalin arziki, shari'a da zamantakewa. Idan kana son ka bincika dubban rumbunan jami'o'i a lokaci guda, CORE na Birtaniya da BASE na Jami'ar Bielefeld a Jamus su ne suka tattaro su. Binciken da aka buga a mujallun Afirka ana samunsa a AJOL, ko da yake ba dukkansa ne kyauta ba, na Kudancin Amurka kuma a SciELO. Littattafan ilimi na kyauta suna DOAB.

Wata dabara da ba a cika tunawa da ita ba: idan maƙalar daga aikin digirin digirgir ta fito, nemi kundin kansa ta sunan marubucin. Sau da yawa yana nan kyauta a rumbun jami'ar, kuma ya fi maƙalar cikakken bayani kan hanyar gudanar da binciken.

Na biyar, ka je laburaren cibiyar da kake karatu ko aiki, ka tambaya. Ban san abin da ɗalibai suka fi yin sakaci da shi kamar wannan ba. Akwai shirin Research4Life, wanda ke bai wa jami'o'i, asibitocin koyarwa da cibiyoyin bincike na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta dubban mujallun kuɗi, wasu ƙasashen kyauta, wasu da rangwame mai yawa. Ya faro ne da Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, sai AGORA na aikin gona a 2003, OARE na muhalli a 2006, ARDI na fasaha da ƙirƙira a 2009, da GOALI na shari'a a 2018. Cibiya ce ke yin rajista, mutum ɗaya ba ya yi, don haka sau da yawa izinin shiga yana nan a hannun ma'aikacin laburare shekara da shekaru, ba wanda ya zo nema. Idan cibiyarku ba ta yi rajista ba, ku nemi shugaban laburaren ya duba ko kun cancanta. Ka kuma tambaya ko suna da tsarin aro daga wani laburaren.

Na shida, ka rubuta wa marubucin. Matambayi ba ya ɓata, kuma masu bincike galibi murna suke yi idan wani ya nemi aikinsu. Adireshin imel ɗin wanda aka wakilta don amsa wasiƙu yana shafin farko na maƙalar, ko a kulle take ana ganinsa. Ka taƙaita: ka gaishe shi, ka faɗi ko kai wane ne da abin da kake nazari, ka kawo taken maƙalar da shekararta, ka ce ba ka da damar shiga mujallar, ka roƙi kwafi don karatunka. Layi huɗu ko biyar sun isa. Idan mako biyu suka wuce shiru, ka gwada wani daga cikin marubutan, musamman na farko a jeri, wanda sau da yawa shi ne matashin da ya yi ainihin aikin kuma ya fi saurin amsa saƙo. Idan maƙalar ta daɗe, ka nemi sabon adireshinsa, don mutane suna sauya wurin aiki.

Dole in ambaci Sci-Hub, tun da kowa ya san da shi. Alexandra Elbakyan ta Kazakistan ta kafa shi a 2011, kuma a 2017 wata kotu a New York ta yanke hukuncin ya biya kamfanin ɗab'i na Elsevier diyyar dala miliyan 15, ƙasashe da dama kuma sun toshe shi. Na fahimci ƙuncin da ke kai ɗalibi can, kuma ban ɗora masa laifin tsarin da ya tarar ba. Amma shafin yana keta dokar haƙƙin mallaka, kuma akwai shafukan da ke kwaikwayonsa suna cusa wa kwamfuta cuta. Matakan da na lissafa a sama ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan haɗurran.

Bayan ka samu maƙalar, sauran abu biyu. Ka tabbatar wane kwafi ne a hannunka. Idan daftarin farko ne, ka duba ko an buga shi daga baya, domin alƙaluma da ma sakamako suna iya canzawa bayan tantancewa. A harkar lafiya wannan ba abin wasa ba ne: medRxiv da kansa yana gargaɗin kada a yi wa maras lafiya magani bisa abin da ba a tantance ba. Sannan ka duba ko an janye maƙalar. Retraction Watch, wanda aka kafa a 2010, yana da ma'adanar maƙalun da aka janye, kuma tun 2023 bayanan a buɗe suke ta hannun Crossref, ƙungiyar da ke rajistar lambobin DOI. A manazarta kuwa, kwafin mujalla da lambarsa ta DOI za ka kawo, ko da kwafin marubuci ka karanta, sai dai in daftarin farko kaɗai ke akwai, to sai ka faɗi haka a fili.

Idan kai ne marubucin

A nan nake son mu daɗe, domin wanda ya sha wahalar neman maƙalar wasu bai kamata ya kulle tasa ba. Mutane da yawa sun ɗauka buɗe maƙala yana nufin biyan kuɗi mai yawa. Akwai gaskiya a ciki: lokacin da mujallar Nature ta fara karɓar kuɗin buɗe maƙala a 2021, yuro 9,500 ta sa. Amma wannan hanya ɗaya ce cikin uku. Akwai wadda ake kira hanyar zinare, inda mujalla ke buɗe maƙala nan take, sau da yawa marubuci ko cibiyarsa su biya. Akwai hanyar lu'ulu'u, inda ba mai karatu ba marubuci, babu mai biya, jami'a ko ƙungiyar masana ce ke ɗaukar nauyi. Sai koriyar hanya, inda za ka buga a kowace mujalla, ko wadda mai karatu ke biya ce, sannan ka ajiye kwafinka a rumbu. Biyun ƙarshe ba sa cin ko kwabo.

Ka fara da buɗe ORCID. Lamba ce mai harufa 16, kyauta, da ke bambanta ka da masu irin sunanka, kuma mujallu da yawa suna nema. Minti kaɗan ne.

Daga nan, idan wata hukuma ce ta ba ka tallafin binciken, ka karanta sharuɗɗanta tun kafin ka zaɓi mujalla. Hukumomin da suka shiga shirin Plan S, wanda aka sanar a 2018 ya fara aiki a 2021, suna buƙatar a buɗe maƙala ranar da aka buga ta, ba jira.

Wajen zaɓen mujalla, ka shiga DOAJ, jerin buɗaɗɗun mujallu da aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003. Ka nemi fanninka, sannan ka tace sakamakon ya nuna maka waɗanda ba sa karɓar kuɗi. Za ka yi mamaki, domin mafi yawan mujallun da ke jerin ba sa cajin marubuci. Idan wadda ta dace da aikinka mai karɓar kuɗi ce, ka nemi shafinta na yafe kuɗi. Manyan kamfanoni da dama suna yafewa ko ragewa ga marubutan ƙasashen da ke cikin Research4Life. Sharaɗin shi ne ka nema lokacin da kake miƙa maƙalar. Wanda ya bari sai an karɓa sannan ya ce ba shi da kuɗi, galibi ya makara. Ka kuma tambayi laburarenku ko suna da yarjejeniya da kamfanin da ta ɗauke wa ma'aikatansu biya. Akwai mujallun da ake saye amma suna ba da zaɓin ka biya a buɗe taka kaɗai. A ganina, wanda ke biya daga aljihunsa bai kamata ya bi nan ba, tun da koriyar hanya za ta kai shi wuri ɗaya.

Sai babban tarko, mujallun bogi. Waɗannan suna karɓar kuɗi su buga komai ba tantancewa. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika maƙalar ƙarya mai cike da kurakurai da gangan ga mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Bayan haka DOAJ ta tsaurara sharuɗɗanta, ta cire mujallu sama da 3,000 a 2016. A 2019 wata kotun Amurka ta ci kamfanin OMICS tarar sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta. Alamominsu ba sa ɓuya: imel mai yabon da ya wuce kima yana roƙon ka aiko maƙala, alƙawarin bugawa cikin kwana kaɗan, mujalla ɗaya da ke karɓar aikin likitanci da adabi da injiniyanci, da kuɗin da ba a faɗa sai bayan an karɓi aiki. Kada ka yarda da tamburan da suka jera a shafinsu. Idan sun ce suna DOAJ ko Scopus, wani jerin mujallun da aka tantance, ka je can da kanka ka nemi sunan da lambar ISSN, wato lambar shaidar mujallar. Ka ɗauki sunayen editoci biyu ko uku, ka duba shafin jami'o'insu ko sun ambaci mujallar. Ka karanta maƙalu biyu daga fitowar ƙarshe, ka ga ko aikin da za ka so sunanka ya zauna kusa da shi ne. Har ila yau akwai masu satar sunan mujalla ta gaskiya su buɗe shafi mai kama da nata, don haka ka shiga ta adireshin da DOAJ ko Scopus suka bayar. Shafin Think. Check. Submit. yana da jerin tambayoyin da za su taimaka. Illar faɗawa wannan tarko ta wuce asarar kuɗi, domin aikin da ya riga ya fito a can, mujallar kirki ba za ta sake karɓarsa ba, kuma janye shi yakan zama jan aiki.

Kafin ka miƙa, ka yi tunanin ajiye daftarin farko a rumbun fanninka. Yana ba aikin kwanan wata da ke shaida kai ka fara, kuma mutane za su karanta tun kafin watannin tantancewa su ƙare. Yawancin mujallu sun yarda da haka yanzu, amma ka duba ƙa'idar wadda ka nufa, ka kuma samu amincewar duk abokan rubutunka. A arXiv, sabon mai ɗorawa yakan buƙaci wani tsohon marubuci a fannin ya tsaya masa.

Ranar da edita ya ce an karɓa, ka yi abu ɗaya nan take: ka adana fayil ɗin ƙarshe da ka aika bayan gyara, ka sa masa suna da kwanan wata. Wannan shi ne kwafin da aka amince da shi, kuma shi ne mutane suka fi ɓatarwa. Sannan ka karanta yarjejeniyar da za a ba ka kafin ka sa hannu. Da yawa tana miƙa haƙƙin mallakar aikinka ga kamfani gaba ɗaya. Ka nemi wurin da ya yi magana kan abin da aka bar maka: wane kwafi za ka iya ajiyewa, a ina, kuma bayan wane wa'adi. Wasu ba wa'adi, wasu wata 6, 12 ko 24. Idan harshen yarjejeniyar ya yi maka nauyi, hukumar Jisc ta Birtaniya tana da shafin Open Policy Finder, wanda a da ake kira Sherpa Romeo. Ka rubuta sunan mujallar, zai fayyace maka.

Wurin ajiyewa na farko shi ne rumbun jami'arku, idan akwai. Idan babu, Zenodo, wanda cibiyar binciken fiziks ta Turai, CERN, ke gudanarwa tun 2013, yana karɓar aikin kowa daga kowane fanni, kyauta. Ka shiga da ORCID ɗinka, ka ɗora fayil ɗin, ka cike take da sunayen marubuta da tsakure daidai da yadda suke a mujalla, ka saka lambar DOI ta mujallar don a haɗa su. Wannan haɗin yana da muhimmanci, domin da shi manhajoji irin su Unpaywall ke gane cewa kwafinka na waccan maƙalar ce. Idan akwai wa'adin jira, ka saka ranar da zai ƙare, rumbun zai buɗe fayil ɗin da kansa. A kan lasisi, idan yarjejeniyarka ta ba ka dama, CC BY na Creative Commons shi ne mafi sauƙi: kowa na iya rarrabawa, ya fassara, ya koyar da shi, muddin ya ambaci sunanka. Ga masu karatu da harsunan da ba a cika buga kimiyya da su ba, izinin fassarar nan babban abu ne. Kana kuma iya ajiye bayanan da ka tattara a wurin, bayan ka cire duk abin da zai fallasa mutanen da suka shiga binciken.

ResearchGate da Academia.edu suna da amfani wajen sada masu bincike, amma kamfanonin kasuwanci ne, ba su ɗauki alƙawarin adana aikinka na dindindin ba, kuma yarjejeniyoyi da yawa da suka halatta rumbun jami'a sun hana ɗora kwafin kamfani a irinsu. Ka ajiye a rumbu tukuna, sannan ka sa mahaɗin a can.

Tsofaffin maƙalunka ma suna cikin wannan. Ka jero su, ka duba kowace mujalla a Open Policy Finder. Wa'adin yawancinsu ya riga ya wuce, abin da ya rage kawai ka nemo kwafin da aka amince da shi. Idan ba ya kwamfutarka, ka duba tsofaffin saƙonnin imel da ka yi da edita, ko shafin mujallar da ka miƙa aikin ta cikinsa, ko ka tambayi abokan rubutunka.